Finafinan sarakunan Indiya: yaya kuka kalle su a gidajenku?

Malam Sani, Zariya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihin Musulunci, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar na ambaci Alauddin Khilji, sai ɗalibai su ce ai sun san shi, shi ne mahaukacin nan mai yagar nama da hannu a fim ɗin Padmaavat. Ba su san ya mulki Delhi daga 1296 zuwa 1316 ba, ya fatattaki rundunonin Mongol, ya ƙayyade farashin hatsi a kasuwanni. Ban ce waliyyi ba ne, sai da ya kashe baffansa Jalaluddin kafin ya hau gado. Amma mutum ya fi abin da aka nuna. Ina son jin yadda kowa ya haɗu da irin waɗannan finafinai, da abin da ya ɗauka daga ciki.

Baba Alhaji, Fagge: Wa alaikumus salam, Malam. Mu a silima muka gan su, ba rufi, ba fassara. Mughal-e-Azam na 1960 ne, amma ya daɗe yana yawo. Baƙi da fari ne, sai aka zo rawar Madhubala a ɗakin madubai kawai hoto ya koma mai launi, wuri ya kaure da sowa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne musun bayan an tashi. Dattawa suna bayan Sarki Akbar, suna cewa sarki ba ya barin ɗansa ya auri baiwa ya zubar da mutuncin gida. Mu samari kuwa muna bayan Dilip Kumar, wanda ya fito a matsayin Salim, ɗan sarkin. A teburin mai shayi ake ƙarasa shari'ar, wani lokaci har ɗayan dare.

Malam Sani: Allah ya ƙara girma, Baba. Salim kam ya yi wa mahaifinsa tawaye, amma a kan mulki ne. Labarin Anarkali, baiwar da ya so a fim ɗin, masana ba su tabbatar da shi ba.

Maman Hanifa, Katsina: Ni da kakata muka kalli Jodhaa Akbar na 2008, ita kuwa a gidan sarauta ta tashi. Yaƙe-yaƙen ba su dame ta ba, hankalinta na cikin gida. Da aka zo inda Jodha ta shiga madafi ta yi wa sarki girki, Maham Anga, wadda ta shayar da sarkin yana jariri, ta tsaya gaban jama'a ta ce sai ta fara ɗanɗanawa kafin sarki ya ci, sai Hajiya ta ajiye carbinta ta ce, "Tsaya min nan. Wannan ba tsoron guba ba ne, nuna wa amarya ake yi wace ce mai gidan." Ta ce duk matar da ta shayar da sarki, to uwargida ma lallaɓa ta take yi. Daga nan ta shiga ba ni labarin jakadu da kuyangin da ta sani tana yarinya, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Fim ɗin ya fi awa uku, mu sai da ya cinye mana yini. Daga baya na karanta cewa jefo ɗan Maham Anga, Adham Khan, daga saman bene da Akbar ya sa aka yi, ya faru da gaske a 1562.

Abba Ɗan Jaipur: Yaya, sunan Jodha kansa ana jayayya a kansa. An dai san Akbar ya auri 'yar Raja Bharmal na Amer a 1562, ita ta haifi Jahangir, wato Salim, kuma laƙabinta Mariam-uz-Zamani.

Malam, ina karatu a Jaipur lokacin da Padmaavat ya fito a watan Janairun 2018. Gari ya ɗau zafi, 'yan ƙungiyar Karni Sena na zanga-zanga cewa an ci mutuncin sarauniyarsu Padmini, silimomin garin suka ƙi haska shi duk da hukuncin Kotun Ƙoli. Abokaina 'yan Rajput na fushi saboda Padmini, abokaina Musulmi na fushi saboda Khilji, duk a ɗakin kwana ɗaya. Na je ganuwar Chittor, garin da aka ce Padmini ta zauna, da kaina, mai yi mana jagora yana ba da labarin madubin da aka ce Khilji ya hango ta a ciki kamar a gabansa aka yi. Alhali Khilji ya ci garin a 1303, waƙar Malik Muhammad Jayasi da ta kawo labarin kuwa sai 1540 aka rubuta ta. Amir Khusrau, wanda ya bi rundunar, bai ambaci Padmini ba.

Ummi, Maraɗi: Mu nan mai fassarar Hausa muke samu a waya. Padmaavat ɗin da na kalla da ƙannena, mai fassarar ya riƙa saka barkwanci har a wurin da matan suka nufi wuta don kada a kama su. Yara na ta dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, na kashe na zauna na yi musu bayanin abin da ke faruwa. Malam, ka nemi Razia Sultan na 1983 ka nuna wa ɗalibanka mata. Mace ce ta mulki Delhi daga 1236 zuwa 1240, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa jin sunanta kafin fim ɗin.

Malam Sani: Na gode, Ummi. Wanda ke da shi da rubutun fassara a ƙasa ya taimaka ya turo mini, zan haɗa shi da darasin daular Delhi.