Wai "magazine" daga Larabci take?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum malamai. A nan Jidda duk wurin ajiyar kaya "makhzan" ake ce masa. Wani ya ce nan ne asalin kalmar Turanci "magazine". Me ya haɗa sito da mujalla? Ko kamannin sauti ne kawai?

Mai Lugga, Madina: Wa alaikumussalam. Gaskiya ya faɗa maka, sai dai daga jam'i aka ɗauko ta, wato "makhazin", shi ya sa ƙarshenta yake "zin". Saiwar ita ce kha, zayun, nun, mai ma'anar ajiyewa, inda "khazina", wato taska, ma ta fito.

Ta teku ta bi. 'Yan kasuwar Italiya da kudancin Faransa suna ajiye kaya a tashoshin jiragen ruwa na Arewacin Afirka, suka tafi da sunan wurin tun ƙarni na 13. Italiyanci ya ce "magazzino", Faransanci ya ce "magasin". Bakinsu ba shi da harafin kha, sai ya koma "g". Mu kuma "h" muke mayar da shi: al-khamis ta zama Alhamis, al-khair ta zama alheri. Kalmar ta shiga Turanci wajen 1580 da ma'anar sito, musamman na albarushi da makamai.

Malama a Makka: Ɗan'uwa, amsar tambayarka tana shekarar 1731. A Landan, Edward Cave ya fara buga The Gentleman's Magazine duk wata, yana nufin rumbun da aka tara rubuce-rubuce iri-iri. Sunan ya bi sauran irinta har ya danne tsohuwar ma'anar. Amma ba ta mutu ba: gidan harsashi na bindiga har yau sunansa ke nan. A Faransanci da Rashanci kuwa kanti take nufi. Abin da ke burge ni, Larabawa da kansu "majalla" suke cewa, mu ma can muka samo mujalla.

Mai Lugga, Madina: Haka ne, Malama. Kuma Ɗan Jidda, shakkarka tana kan hanya, don kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne. Sai an ga kalmar a tsoffin takardu, zango bayan zango. Dubi Sifaniyanci: "almacén". Su tilon suka ɗauka, al-makhzan, har da alif da lam ɗinsa, kamar yadda muka yi da alƙalami.