Wai dole ne sai dainoso ya zama dodo kafin a so shi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri in fara da ƙorafi.

Ina cikin wani rukunin WhatsApp na masu sha'awar dabbobin da suka shuɗe irin su dainoso, yawancinmu ɗalibai ne. Hirar kullum ɗaya ce: in T. rex ya gamu da Spinosaurus, manyan dainoso biyu masu cin nama, wa zai kashe wani? An rabu gida biyu kamar 'yan kallon dambe, kowa da gwaninsa, har da zage-zage. Alhali dabbobin nan ba su taɓa sa juna a ido ba. Spinosaurus a arewacin Afirka ya rayu, wajen shekara miliyan 95 da suka wuce. T. rex kuwa a Arewacin Amurka, tsakanin shekara miliyan 68 zuwa 66. Ga teku a tsakaninsu, ga shekaru kusan miliyan 30.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fushin da suke yi da masu bincike. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fitar da bayani kan ƙasusuwan da aka haƙo a Kem Kem ta Maroko, suka nuna ƙafafun Spinosaurus na baya gajeru ne. A 2020 suka ƙara da wutsiya mai faɗi irin ta abin da ke harka da ruwa. Har yau akwai masu cewa "an ɓata mana shi". An ɓata wa wa? Ƙasusuwan farko da Ernst Stromer ya bayyana a 1915, waɗanda aka samo a Masar, bam ya hallaka su a Munich a 1944. Shekara da shekaru daga zane da 'yan guntaye ake ƙiyasta siffarsa. Yanzu an samu ƙarin ƙashi, siffa ta sauya, sai ya zama laifi? Su kansu masanan ba su gama gardama ba kan ko nutso yake yi ya kamo kifi ko a bakin ruwa yake tsayawa ya cafka. Wannan gardamar ta fi daɗin ji, amma ba mai kula ta.

Haka Velociraptor, wanda fina-finai suka mayar dodo. Na gaskiyar, wanda aka samu a Mongoliya, jikinsa bai wuce na talo-talo ba in ka cire doguwar wutsiyar, kuma a 2007 an ga guraben da gashin fiffike ke kafuwa a ƙashin hannunsa. Faɗi haka a rukunin namu, sai a ce ka mayar da jarumi kaza.

Sannan ga namu na gida. Nigersaurus, wanda aka haƙo a Nijar, ƙananan tsirrai da ganyen ƙasa yake kiwo, bakinsa mai faɗi, haƙora sama da 500 jere-jere, kowane haƙori yana sauyuwa cikin kamar mako biyu. Dabba mai ban mamaki haka, amma a intanet ba a tuna shi sai in wasu marasa kunya za su yi ba'ar wariyar launin fata da sunansa. Mu kuma da ya kamata mu san shi, ba ya burge mu tunda ba ya cin nama.

To yaya kuke yi da irin mutanen nan? A ci gaba da gyara musu, ko a sa musu ido?

Ba'agadashe:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Gadufawa da aka samo Nigersaurus ɗin a jiharmu take, cikin Tenere. Philippe Taquet, Bafaranshe, ya yi aiki a wurin tun shekarun 1960, shi ya sa da Paul Sereno ya raɗa wa dabbar suna a 1999 ya ce Nigersaurus taqueti. Daga yankin aka samu Ouranosaurus mai cin ganye da Suchomimus mai cin nama, Jobaria kuma daga wajen Ingal. Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal da idonsa.

Ni wanda ya fi damuna Sarcosuchus ne, ƙaton kada ɗin nan. Na farko, ba dainoso ba ne, kuma ba shi ya haifi kadojin yanzu ba, dangi ne na nesa. Na biyu, tsawonsa. A 2001 ƙiyasin Sereno ya kai mita 11 zuwa 12. Binciken baya ya sauko da shi wajen mita 9 zuwa 9 da rabi. Ka rubuta haka a Facebook ka ga yadda za a yi maka ca, kai ka ce gonar ubansu ka rage. Kada mai mita 9 bai isa abin tsoro ba?

Akwai kuma masu ɗauko hoton ƙasusuwan mutane na Gobero, wata tsohuwar maƙabarta a Tenere, su haɗa da na dainoso, su ce ga shaida an zauna tare. Ayarin Sereno ne ya ci karo da maƙabartar a 2000 suna neman dainoso, iyakar alaƙar ke nan. Mutanen Gobero ba su wuce shekara dubu 10 ba, lokacin da Sahara ke da tafkuna. Dabbobin Gadufawa sun haura shekara miliyan 100.

Malama Basakkwata:

Ɗan Tudun Wada, ka sassauta musu kaɗan. Ina koyar da ilmin halittu a sakandare, kuma yaron da ya tambaye ni wa zai ci wani ya fi mini wanda ke hamma a bayan aji. Daga nan nake jan shi: me yake ci, ina yake zaune, ta yaya aka san haka? Wanda ya girma yana zagin masana kuwa, wannan taurin kai ne, ba ruwan dainoso.

Kuskuren da na fi gani shi ne duk abin da ya tsufa kuma yake da girma sunansa dainoso. Masu fiffiken fata da ke tashi sama, ba su ba ne. Masu iyo a teku, ba su ba ne. A jiharmu akwai Goronyosaurus, sunan daga Goronyo aka ɗauko shi. Ƙadangaren teku ne, danginsa na yau su ne irin su guza da damo da macizai. In na ce wa yara teku ta taɓa rufe ƙasar Sakkwato sai su yi dariya, sai na tuna musu dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin ruwa ya taru. Wanda kuma yake dainoso na haƙiƙa, wato tsuntsu, shi ne ba sa yarda da shi. Sai maganar man fetur wai daga gawar dainoso yake. Mafi yawansa daga ƙananan halittun teku ne da suka taru a laka, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su.

Na Ƙofar Ruwa:

Ni dai ina bayan T. rex, ku yi yadda za ku yi da ni. Amma Malam, ku ma masu gyaran kuna wuce gona da iri. Tun da aka bayyana Yutyrannus na Sin, ɗan'uwan T. rex mai gashi, a 2012, wasu suka koma zana T. rex butu-butu da gashi, suna yi wa wanda ya zana shi da ɓawo kallon jahili. Alhali guntayen alamun fatarsa da aka yi nazari a 2017 ɓawo suka nuna, a wuya da ƙugu da wutsiya. Sauran jikin ne ake gardama a kai.

Ɗan Tudun Wada:

Na Ƙofar Ruwa, ka ga abin da ka yi yanzu? Ka kawo fata, ka kawo shekara. Da haka ake yi a rukunin namu da ban zo nan da kuka ba.

Malama, na ji, zan gwada hanyarki da ƙananan cikinmu. Manyan kuwa ban yi alkawari ba. Ba'agadashe, in kana da hoton Ouranosaurus na gidan tarihin Yamai ka turo mini, wanda mutum ke tsaye kusa da shi don a ga girmansa. A rukunin zan saka, duk da na san tambayar farko ita ce ko zai iya da Suchomimus.