Shin sabon jagoran ƙirƙirarriyar basira ya cancanci kujera a majalisar zartarwar kamfani?

Shugabar sashen ma'aikata:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi mai hedikwata a Kano, kuma hukumar daraktocinmu ta amince a ɗauki wanda zai jagoranci amfani da ƙirƙirarriyar basira mai samar da rubutu da hoto da murya, wato dangin ChatGPT. Ni aka ɗora wa rubuta bayanin aikinsa, amma manyanmu sun sha bamban. Manajan darakta yana so mutumin ya zauna a majalisar zartarwa tare da shugaban sashen kuɗi da na ayyuka, shi kuwa shugaban sashen kwamfuta yana ganin aikin reshe ne na ofishinsa, saboda haka a ƙarƙashinsa ya kamata a ajiye shi. Fargabata ita ce kada mu ƙirƙiro muƙami mai girman suna, shekara ta zagayo mu tarar babu abin da ya ƙaru sai albashi da motar ofis. Ina neman shawarar waɗanda suka ga yadda irin wannan naɗi ke gudana.

Mai ba kamfanoni shawara:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Muƙamin sabo ne ƙwarai, domin ChatGPT kansa bai fito ba sai a ƙarshen Nuwamban 2022, kuma ko manyan kamfanonin duniya ba su bi hanya ɗaya ba. A Maris ɗin 2024 Microsoft ya ɗauko Mustafa Suleyman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin binciken ƙirƙirarriyar basira na DeepMind, ya ba shi sashe sukutum, kuma ba ya karɓar umarni daga kowa sai shugaban kamfanin, Satya Nadella. Sai dai Microsoft fasahar ce hajarsa, ku kuwa shinkafa da sabulu kuke kai wa 'yan kasuwa. Misalin da ya fi kusa da ku shi ne na Coca-Cola, wanda a 2023 ya damƙa wannan aiki ga Pratik Thakar, mutumin da ya fito daga ɓangaren tallan kamfanin. A bankin Morgan Stanley ma, Jeff McMillan da aka naɗa a 2024 ɗan gida ne da ya daɗe a sashen kula da dukiyar abokan hulɗa. Abin lura a nan shi ne duka biyun sun zaɓi wanda ya riga ya san inda kuɗin kamfanin ke shigowa da inda yake zurarewa.

Game da kujera, ina goyon bayan manajan daraktanku, amma da sharaɗi. Aikin wannan mutum zai taɓa yadda ake amsa koken abokan ciniki, yadda ake rubuta takardun kwangila, har da yadda ku a sashen ma'aikata kuke tantance masu neman aiki, kuma wanda ke ƙarƙashin shugaban sashen kwamfuta ba shi da bakin da zai ce wa shugaban sashen kuɗi ya sauya tsarin aikinsa. Sharaɗin shi ne a rubuta abu biyu ƙarara a takardar naɗinsa: kasafin kuɗin da yake da iko a kai, da kuma hurumin dakatar da duk wata manhaja da ya ga za ta jawo wa kamfani ɓarna, ko da wani babba ne ya kawo ta. Idan hukumar ba ta shirya ba shi waɗannan ba, to kujerar ado ce kawai, kuma fargabarki za ta tabbata.

Lauyan kamfani:

Hajiya, ni ta fuskar alhaki nake kallon lamarin. A Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda manhajar hira da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen da ake yi wa masu tafiya saboda rasuwa. Kamfanin ya nemi ya nesanta kansa da maganar manhajar, kotun ta ƙi amincewa. Kafin nan, a 2023, Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin ofis bayan an gano wasu injiniyoyi sun zuba bayanan sirri a cikin ChatGPT. A gida kuma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta tsara yadda ake sarrafa bayanan mutane da yadda ake fitar da su ƙasar waje, ga shi kuma yawancin waɗannan manhajoji rumbunansu suna ƙetare. Saboda haka ki sa a bayanin aikin cewa cikin watanni uku na farko zai binciko abin da ma'aikata suka riga suke yi a ɓoye, domin ina da yaƙinin akwai akawun da ke kwafar sunayen dillalanku da basussukansu yana liƙa wa manhaja a wayarsa don ta tsara masa rahoto.

Injiniyan kwamfuta:

Da girmamawa ga Malam mai ba da shawara, ban yarda a fara da kujera ba. A kamfanin da na yi aiki a baya an ɗauko irin wannan babban jami'i, sai ya tarar rabin bayanan ciniki suna cikin littattafan rasit, sauran kuma a warwatse cikin Excel na rassa daban-daban, ya shafe watanni yana jiran sashenmu ya haɗa su, daga bisani ya ajiye aiki. Kuma a tuna da dala ake biyan kuɗin waɗannan manhajoji, alhali kowa ya ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023. Akwai kuma batun harshe: dillalanku da Hausa suke turo saƙon murya a WhatsApp, wani da karin Sakkwato, wani da na Katsina, kuma waɗannan manhajoji sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba. Duk wanda zai zo ganawar ɗaukar aiki, a ba shi saƙonnin gaske guda ashirin da aka goge sunayen masu su, a ga yadda zai auna amsoshin da manhajar ta bayar.

Shugabar sashen ma'aikata:

Na gode muku ƙwarai. Zan kai wa hukumar shawarar cewa ya riƙa karɓar umarni daga manajan darakta kai tsaye, yana halartar zaman majalisar zartarwa ba tare da ƙuri'a ba har tsawon watanni shida, sannan a sake duba matsayinsa bisa rahoton binciken da Barista ya ambata. Jarrabawar saƙonnin Hausa kuwa na riga na shigar da ita cikin tsarin ganawar. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan shawo kan shugaban sashen kwamfuta, wanda ya yi shekaru goma sha ɗaya a kamfanin kuma a hannunsa duk bayanan suke. Injiniya, tunda ka taɓa zama a irin matsayinsa, da wace magana ya kamata in fara tunkararsa?