Neman shawara: bindigar da mahaifina ya bari tana ƙin tashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini bindigar farauta mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi. A jikinta an rubuta Baikal da IZh-18, sai kuma lambobi 12/70. Na gwada ta sau uku, sau ɗaya kawai ta tashi, kuma bututun yana ɗan girgiza ko bayan an rufe ta. Wani mai walda ya ce zai ɗaure mini ita. In ba shi?

Wani dattijon mafarauci: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa Malam. Wannan ƙirar Rasha ce, daga garin Izhevsk, kuma irinta na riƙe shekara da shekaru. Lamba 12 ajin faɗin bututun ce, ba awon milimita ba, 70 kuwa tsawon ɗakin harsashi ne a milimita, kuma a nan mutane da yawa suke cutar kansu, domin harsashi mai tsawon 76 yana shiga lafiya lau, amma idan ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ƙarfin ya taru a ciki. Ka duba kwalin harsashinka tukuna. Game da ƙin tashi, ka ɗauko waɗanda suka ƙi ka dubi ɗan ƙarfen da ke tsakiyar gindinsu. Idan lotsawar ba ta yi zurfi ba, allurar da ke dukansa ce ta cinye, ko tsohon mai ya daskare ya riƙe ta. Idan ta yi zurfi, harsashin ne ya sha damina. Duk lokacin da ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon inda babu kowa na rabin minti kafin ka karya ta.

Wani ɗan uwa: Baba ya yi bayani, amma ni girgizar ce ta fi tayar mini da hankali, domin tana nuna maɗaurin ya ci. Kada ka sake harba ta, kuma kada mai walda ya taɓa ta, saboda wuta tana canza taurin ƙarfe ta yadda ido ba zai gani ba. Ka ɗaga bututun ka leƙa ta wajen haske, ko akwai ramukan tsatsa ko kumburi.

Wani tsohon ɗan sanda: Malam, akwai abin da ya riga gyara. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, lasisin irin wannan bindiga na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa, kuma gyaran ma sai wanda ke da izini. Ka nemo takardar mahaifinka ka kai hedikwatar 'yan sanda ta jiharku, su faɗa maka matakin da za ka bi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lotsawar ba ta da zurfi. Takardar tana cikin akwatin Baba, kuma ranar Litinin zan kai ta in Allah ya yarda.