Neman kalma: sabbin sinadaran maganin tarin fuka

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. Gobe za mu ɗauki shirin rediyo na 24 ga Maris, ranar tarin fuka ta duniya, kuma na maƙale a kan "sintetik kompawun". "Haɗaɗɗen sinadari" ya yi?

Mai harhaɗa magunguna: Bai yi ba, Hajiya. Mai sauraro zai zaci ƙwayar nan ce mai magani huɗu da ake sha wata biyun farko: rifampisin, isoniyazid, pirazinamid da etambutol. Wancan gauraye ne. Naki sinadari ne guda da babu shi a tsiro ko ƙasa, mutum ya gina shi.

Malamin sinadarai: "Ƙerarren sinadari". Aikin ma ƙira ne: a ɗauki ginshiƙi guda, a riƙa sauya masa reshe ɗaya bayan ɗaya har a samu ɗaruruwa, a gwada kowanne a kan ƙwayar cutar tarin fuka samfurin H37Rv da ake amfani da shi a ɗakin gwaji, a nemo mafi ƙarancin adadin da zai hana ta hayayyafa. Ita kuwa sai bayan awa 15 zuwa 20 take rabuwa biyu, don haka gwajin yakan ci mako guda ko biyu. Galibin sinadaran a nan suke zubewa, ko daga baya a jikin ɓeraye: wani ya kasa ratsa bangon ƙwayar cutar mai maiƙo, wani ba ya narkewa, wani hanta ta rushe shi kafin ya isa huhu. Ko bedakwilin, maganin tarin fuka da Amurka ta amince da shi a 2012, sai ana duba bugun zuciyar mai shansa.

Malamin Hausa: Ƙira ta ƙarfe ce, Malam. "Ƙagaggen sinadari" ne daidai, na daɗe ina faɗa.

Mai harhaɗa magunguna: Ranka ya daɗe, wa zai sha ƙagaggen magani wata shida? Ƙage zai zo wa mutane a rai, su ce jabu ne.

Malamin Hausa: Haka kuke, ku raina harshe sannan ku ce ya gaza. Har sunayen magungunan kun bar mana su da Turanci.

Malamin sinadarai: Ba raini ba ne, suna guda duniya ke amfani da shi don kada a ba majinyaci wani abin daban. Hajiya, ki kula: sitireftomaisin na 1943 daga halittar cikin ƙasa aka samo shi, isoniyazid da firetomanid na 2019 ƙerarru ne, rifampisin kuwa na halitta ne aka gyara.

Mai fassara: To shi wannan na halitta da aka gyara fa?

Malamin Hausa: "Sarrafaffe". Ki sa "ƙerarre" a shirin gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ban yarda ya shiga littafin makaranta ba.