Wa ya taɓa zuwa kallon gasar dirif? A ba ni labari kafin in bar yaron nan ya tafi

Uwar Samari, Malali:
Assalamu alaikum. Yarona na biyu ya hana ni sakat, sati biyu ke nan ba shi da zance sai na wata gasar wasan mota da baje kolin motoci da zai je kallo. Ni wasan motar da na sani shi ne na ranar kai amarya, samari su tare titi suna juya mota kamar waina har sai an take ƙafar wani. Ya ce wannan daban ne, na ƙwararru ne, wai dirif sunansa. Babansa ya bar mini wuƙa da nama. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa, ba a waya ya gani ba, ya faɗa mini abin da ya tarar.

Makaniken Panteka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na je sau biyu, ɗaya a Abuja, ɗaya nan Kaduna a wani fili da ke bayan gari. Gaskiyar yaron ce, ba iri ɗaya ba ne. Ba ma kowace mota ke yinsa ba, sai wadda tayoyin baya ne ke tura ta. Corolla da Camry da Honda ɗin da suka cika gari tayar gaba ke jansu, shi ya sa in yaro ya ja hambirki a kansu sai su wulwula sau ɗaya su tsaya. Abin da na fi gani a fili su ne tsofaffin BMW, E36 da E46, sai Nissan 350Z jefi-jefi. Akan yi wa aksul ɗin baya walda don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, a cire kujerun baya, a kafa dogon hambirki kusa da giya. Direba zai shigo kwana da gudu, ya taka kuloci ya sake, bayan motar ya zame, shi kuma ya riƙe ta a karkace da totur da sitiyari har ya fita. Motar na kallon gabas tana tafiya kudu.

Abin da waya ba ta nunawa shi ne wari. Ƙaurin roba sai da ya kwana biyu a hancina, ni da nake wuni cikin baƙin mai. Na ga sabuwar taya an ɗaura, kafin in gama shan ruwan leda biyu ta cinye har wayar ƙarfen cikinta ta fito. Masu faci suka ci kasuwa ranar.

Ɗan Kawo a Amurka:
Mama, ni na ga na asali, a Long Beach da ke jihar Kalifoniya, cikin watan Afrilu. Gasar Formula Drift ce, tun 2004 ake yinta. Wasan kansa daga Japan ya fito, samari ne suka fara shi a kan hanyoyin tsaunuka, wani Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi a cikin ƙaramar Toyota AE86 har ake ce masa sarkin dirif.

Na shiga da zaton tsere ne, sai na zauna ina jiran in ga wa zai riga wa. Ashe ba a nan take ba. Alƙalai uku ne ke ba da maki: layin da ka bi, yadda motar ta karkace, da salonka. Motoci 32 ake tacewa, sai a riƙa sakinsu bibbiyu. Ɗaya na gaba ɗaya na binsa, sannan su yi musanye. Aikin na bayan shi ne ya manne wa na gaba, ƙofa dab da ƙofa, cikin hayaƙin da ko hannunka ba ka gani, ba tare da ya buge shi ba. In alƙalai suka kasa rabewa sai 'yan kallo su ɗau ihu a sake, a kuwa sake ɗin. Motocin nan wasu ƙarfin injinsu ya kai doki 1,000. Kowane zagaye bai cika minti ɗaya ba, sauran lokacin jira ne, ana share hanya ko ana jan wadda ta daki bango.

Bangon nan shi nake so ki riƙe. Tsakaninmu da motoci akwai katangar kankare, a samanta ragar ƙarfe. Direba na cikin hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, an kewaye shi da bututun ƙarfe a cikin motar. Duk da haka sai da ɓarɓashin taya ya cika mini kofin shayi. Wani dattijo da ke gefena ya miƙo mini abin toshe kunne, na ce na gode ba na buƙata. Bayan mota huɗu ni na koma ina roƙonsa.

'Yar Barnawa:
Hmm. Yaya na Amurka, katangar kankare ka ce? Mu igiya aka ja mana, da tsofaffin tayoyi da aka jera nan da can. Anti, ni na je na nan gida da ƙannena biyu, kuma kuskurena na farko shi ne farin leshi da na saka. Har yau ɗigon baƙi bai fita a gyalen ba, mai wanki ya ce in haƙura.

An ce sha biyu za a fara, ba a tayar da mota ta farko ba sai bayan La'asar. Babu rumfa sai ta manyan baƙi. Ruwan da ake sayarwa a bakin ƙofa, a ciki kuɗinsa ya ninka. Wurin alwala kuwa sai da muka roƙi wani mai shayi butarsa. Duk wannan mai sauƙi ne. Da wasa ya yi zafi, mutane suka tsallake igiyar, kowa da wayarsa a sama yana son bidiyo na kusa. Mai lasifika na ta magiya a ja baya, ko a jikinsu. Wata mota ta watso tsakuwa, ɗaya ta sami ƙaramin ƙanena a saman gira. Da ta sauko kaɗan da yanzu wani zancen ake. Ɗinki biyu aka yi masa, shi kuwa har yau alfahari yake da tabon.

Amma kada in ci amanar abin, ya yi kyau. Akwai wani direba da ya zagaya wani gwangwani da aka ajiye, hancin motar na kallonsa bai taɓa shi ba, zagaye biyar ko shida. Ban san sanda na miƙe ina tafi ba.

Tsohon ma'aikacin Fijo, Kakuri:
Ni jikokina suka ja ni, kuma ba zamiyar ce ta tsayar da ni ba, ɓangaren baje kolin ne. A tsakiyar motocin zamani masu fitilu kala-kala sai ga Fijo 504 fara, mai giya a jikin sitiyari, fes kamar yau ta fito daga layi. A 1975 aka fara haɗa Fijo a garin nan, ƙuruciyata a kamfanin ta ƙare. Yaron da ya kawo ta ya ce ta kakansa ce. Na ce ya buɗe mini bonet, ya buɗe, na nuna masa inda muke duba lamba mu gane wadda aka haɗa a Kaduna. Muka fi rabin awa a tsaye. Na gaya masa ita ma tayar baya ke tura ta, da direbobin Kaduna zuwa Jos na da sun so zamiya da sun yi, sai dai su fasinja suka ɗauko.

Ƙona tayar kam har yanzu bai kwanta mini ba. Mutum na neman ta Beljiyam guda ɗaya ya rasa kuɗinta, wani ya mayar da huɗu hayaƙi kafin Magariba. To, mai abu da abinsa. Hannu dai suna da shi, wannan ban musa ba.

Makaniken Panteka:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai ko dokin folo ma ba ƙaramar dawa yake ci ba, kuma ba kaya yake ɗauka ba.

Hajiya, akwai abin da ba wanda ya ambata. Hatsarin ba a cikin fili ya fi yawa ba, a hanyar komawa gida ne. Ana tashi kowane yaro jininsa ya hau, yana ganin shi ma ya iya. Daren da aka yi na nan, mun biyo baifas na ga mota ta hau kan kwalbati, ƙafar gaba ta karye, yara huɗu a tsaye suna rawar jiki, wanda ya tuƙa yana ta cewa motar Hajiyarsa ce, aike aka yi shi. Washegari irinsu uku aka jawo mana gareji, duk labarin ɗaya ne, wai akuya ce ta gitta.

'Yar Barnawa:
Akuyar nan ta sha zargi a Kaduna. Anti, in zai je ya sa kaya masu duhu da takalmi rufaffe, ya riƙe takunkumi da ruwansa. Kuma ya tsaya ta cikin kwana, kada ya tsaya ta wajen da bayan mota ke watsowa. Mu ba wanda ya gaya mana.

Uwar Samari, Malali:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa maigidana abin da ka rubuta, ya ce shi ma a 504 ya koyi tuƙi, yanzu har yana tambayar ko wace rana ce. Na gaya wa yaron zai je, amma da kawunsa, kuma a Keke Napep za su tafi su dawo. Makullin motata tun yau ya koma cikin adakata. Ya tsaya yana ta ƙunƙuni wai abokansa za su yi masa dariya, na ce su yi.