A ina lissafi ya fara kuɓuce muku?

Yayan ɗalibi, Kano: Assalamu alaikum. Ƙanena yana SS2, baɗi zai zauna WAEC, kuma likitanci yake so, wanda ba a samu sai da kiredit a lissafi. Jiya na zaunar da shi, na lura yana bin aljebra tiryan-tiryan, amma da alamar debewa ta shigo sai ya rikice. Don Allah duk wanda ya taɓa cijewa haka, yaya ya fita?

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Ni littafin bashin shagonmu ne ya warware min. Ana binka 500, ka biya 300, ka tsaya a −200 ke nan. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda −3 sau −100 ke zama +300. Sai wata rana maigidana ya soke wa wani tela bashi uku na 100 kowanne, na ga mutumin ya fita yana ta godiya kamar an ba shi kuɗi a hannu. Cire bashi ƙari ne. Ka gwada masa da wannan, Yaya.

Malamar Islamiyya, Zariya: Ni ɓangarori ne suka sha kaina tun firamare. Nakan haɗa 1/8 da 1/6 in rubuta 2/14, a yi min jan biro ba bayani. Sai da muka kai babin gado a fiƙihu. Matar mamaci tana da tumuni (1/8), uwa sudusi (1/6), in ya bar ɗa. Malam ya ce a nemo asalin mas'ala, wato 24: mata ta ɗauki 3, uwa 4, jimla 7/24. Wallahi a tabarmar nan na gane abin da ake nufi da LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duk ke raba ta ba saura. Kuma ba sabon abu ba ne, Al-Khawarizmi da ya rubuta littafin aljabar a Bagadaza ya cika wani sashe nasa da lissafin wasiyya da gado.

Ɗalibin injiniya, aji ɗaya: Ni a kalkulas, wato lissafin saurin canji, dy/dx na haddace: x² ya koma 2x, ban san dalili ba. A mota na gane. In ka ci kilomita 160 cikin awa 2, gudunka a dunƙule 80 ne, amma allurar gaban direba tana nuna gudun wannan daƙiƙar kawai. Ita kalkulas ke nema.

Malamin lissafi, Gusau: Shekara da shekaru ina makin takardu, yawancin makin da ke zubewa a buɗe baka ne. Yaro ya ga −(x − 4) ya rubuta −x − 4 maimakon −x + 4. Ka sa shi ya riƙa mayar da amsa cikin tambaya. In ya samu 2 da 3 a x² − 5x + 6 = 0, ya sa 2: 4 − 10 + 6, sifili. Ya tabbatar da kansa kafin kowa ya duba.

Yayan ɗalibi: Malam, wannan bakan ne daidai ya kayar da shi jiya, sau uku a shafi ɗaya. Yau bayan Isha'i za mu fara da na bashin. Allah ya saka muku da alheri.